Karanta Ƙwayoyin Halitta Ɗaya Bayan Ɗaya: Me Ya Koya Mana Game Da Tabo Da Gyambo?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce, yawancin aikina wankin miki ne da ɗaure shi, musamman gyambon ƙafa na masu ciwon suga da raunin ƙuna. Na ji ana cewa yanzu masana suna iya karanta sinadaran gado na ƙwayar halitta guda ɗaya tak, wai da haka za a gano yadda wasu dabbobi ke sake tsirar da ƙafa in an yanke. Don Allah mene ne gaskiyar maganar? Akwai ranar da mutum zai warke ba tabo, ko a daina yanke wa masu gyambo ƙafa?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Tambayoyi uku kika ɗaure a ƙulli ɗaya, kuma nisansu da mu ba ɗaya ba ne. Rage tabo shi ne mafi kusa, don an riga an yi nasararsa a jikin ɓeraye da aladu, saura a ga ko fatar mutum za ta amsa. A kan gyambo, abin da nake sa ran binciken zai fara kawo muku shi ne hanyar gane tun da wuri wane miki ne zai rufe, wane ne zai yi taurin kai. Sabon magani sai daga baya. Sake tsirar da hannu ko ƙafa kuwa, duk wanda ya yanka miki shekara ya ce ga lokacin da za a yi, son ransa ya faɗa.

Akwai abu guda da wannan bincike ya sauya mana, kuma a kansa zan fi tsayawa. An daɗe ana zaton dabbobin da ke mayar da gaɓar da suka rasa suna da wata ƙwaya ta musamman a ɓoye wadda mu aka hana mu. Da aka leƙa ƙwaya-ƙwaya, sai aka tarar a dabbobi masu ƙashin baya da aka fi nazari, irin ƙwayoyin da muke da su ne su ma suke aiki da su. Inda muka rabu shi ne halin da ƙwayoyin ke shiga a kwanakin farko bayan rauni.

Jikin babban mutum yana da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30 ko fiye. Duk wadda ke da cibiya a cikinsu, wato ɗan ƙullin tsakiya da ke ajiye kundin gado da ake kira DNA, DNA ɗinta ɗaya ne da na sauran, mai ɗauke da sinadaran gado kusan 20,000 da ke ba da umarnin haɗa furotin. Abin da ya raba ƙwayar fata da ta hanta shi ne waɗanda kowace ta kunna da waɗanda ta bari a kashe. Idan ƙwaya ta kunna sinadarin gado, sai ta kwafi umarninsa a wani ɗan saƙo mai gajeren rai da ake kira RNA. Wanda ya tattara waɗannan saƙonni ya ƙirga, ya san aikin da ƙwayar ke yi a wannan sa'ar.

A da, niƙe guntun nama muke yi gaba ɗaya mu auna RNA ɗin da ya fito. Kamar mutum ya tsaya a bayan katanga ne yana sauraron hayaniyar taro: zai iya cewa murna ake ko rigima, amma ba zai san wa ya ce me ba, kuma muryar mutum biyar ɗin da suka tayar da rigimar ta nutse a cikin ta dubu. A cikin miki ɗaya akwai ƙwayoyin saman fata, da ƙwayoyin saƙa, waɗanda ake kira faibrobilas, da ke fitar da zaren kolajin mai ba fata ƙarfi, da ƙwayoyin garkuwar jiki kala-kala, da na bangon jijiyoyin jini, da na kitse. In aka ce saƙon kolajin ya ninka uku, wannan awon ba zai gaya miki ko kowace ƙwaya ce ta ƙara ƙwazo ba, ko 'yan kaɗan ne suka wuce gona da iri, ko baƙi ne suka shigo daga wani wuri. Ga mai neman magani kuwa, amsoshin nan uku magunguna uku ne daban-daban.

A 2009 Fuchou Tang, a ɗakin binciken Azim Surani da ke Kambirij ta Ingila, ya karanta RNA ɗin ƙwaya ɗaya tak daga ɗan tayin ɓera. A wancan lokaci, da hannu ake tsinto kowace ƙwaya. Sai a 2015 ƙungiyoyi biyu a jami'ar Harvard suka fito da dabarar kulle ƙwayoyi a ɗigon mai. Ɗaya daga cikinsu ta karanta ƙwayoyi 44,808 na idon ɓera, ta raba su gida 39. A 2016 na'urar kamfanin 10x Genomics ta shiga kasuwa, kuma a Oktoban shekarar aka ƙaddamar da shirin zana taswirar dukkan ƙwayoyin jikin ɗan Adam a Landan, ƙarƙashin jagorancin Aviv Regev da Sarah Teichmann.

Ga yadda aikin yake a hannu. Likita ya huda fata da ɗan ƙarfe mai zagayayyen baki, ya ciro guntun da faɗinsa bai wuce milimita 4 ba. A jefa shi a ruwan sanyi a garzaya da shi ɗakin gwaji. A daddatsa shi da almakashi har ya yi laushi, a zuba masa sinadaran da ke narkar da zaren da ya riƙe ƙwayoyin, a ajiye a ɗumin jiki, digiri 37, ana girgizawa awa ɗaya ko fiye. A tace, a ɗiga wani shuɗin rini, a duba a madubin ƙara girma: ƙwayar da ta mutu tana shan rinin ta yi shuɗi, mai rai tana ƙyalli. In matattun sun yi yawa aikin ranar ya tashi a banza, kuma fatar mutum ba abin da za a koma a ce a ƙaro ba ce. In sun yi kyau, sai a ɗura su a wani ɗan faifai mai siraran hanyoyi, inda ruwan ƙwayoyin ke cin karo da mai ya rarrabu ɗigo-ɗigo. A kowane ɗigo ana so a samu ƙwaya ɗaya da ɗan ƙwallo ɗaya mai ɗauke da lambar shaida da aka rubuta da haruffan DNA. Ƙwayar ta fashe a cikin ɗigon, saƙonninta su ɗauki lambar ƙwallon. Cikin mintuna kaɗan abin da zai fito wani farin ruwa ne mai kauri, ɗan mitsitsi a gindin kwalba. Daga nan a haɗe komai a karanta a na'ura, kwamfuta ta bi lambobin ta mayar da kowane saƙo ga ƙwayar da ta fitar da shi. A ƙarshe za ki ga taswira mai ɗigogi dubbai a allon kwamfuta, kowane ɗigo ƙwaya ce, masu aiki iri ɗaya sun taru gungu-gungu.

Dabbar da kika ji labarinta, mai yiwuwa aksolotil ce. Dabbar ruwa ce dangin kwaɗo mai siffar ƙadangare, asalinta magudanan ruwan Sochimilko a birnin Meziko, inda ta kusa ƙarewa, alhali a ɗakunan bincike ta cika tankuna. DNA ɗinta yana da haruffa biliyan 32, ninki goma na namu, sai a 2018 aka iya karanta shi. In aka yanke mata ƙafa, kafin kwana guda siririyar fata ta rarrafo ta rufe wurin. Bayan kwanaki wani ƙullutu ya taso a ƙarƙashinta, ana kiransa bilastima, daga shi ƙashi da tsoka da yatsu za su fito, babu tabo ko kaɗan.

Daga ina ƙwayoyin ƙullutun suke? A 2009 ƙungiyar Elly Tanaka ta yi wa ƙwayoyi daban-daban alama da wani furotin mai koren haske ta bi sawunsu. Ta tarar kowace tana tuna danginta: ta tsoka tsoka take haifarwa, ba ta zama ƙashi. Masu sassaucin cikinsu su ne ƙwayoyin saƙa, don su kan koma guringuntsi da ƙashi da jijiyar da ke ɗaure tsoka. A 2018 Tanaka da Barbara Treutlein suka karanta waɗannan ƙwayoyin saƙa ɗaya-ɗaya a ranaku daban-daban bayan yanka. Kafin rauni, sun kasu gida-gida, kowane da sana'arsa. Bayan rauni duk suka ajiye sana'o'in nan suka haɗu a hali guda, sannan suka koma kama da ƙwayoyin da suka gina ƙafar tun dabbar tana ɗan tayi, daga nan suka sake rarrabuwa. Ba a ga wata ajiyayyar ƙwayar asali, wato wadda ba ta kama sana'a ba tukuna kuma take iya haifar da ƙwayoyi iri-iri, da ke zaune tana jiran ranar yanka ba. Manyan ƙwayoyi ne na yau da kullum suka ja da baya suka koma ƙuruciya. Kuma dangin waɗannan ƙwayoyin ne a jikinmu suke saƙa mana tabo.

Kwaɗo shi ya nuna inda gizo ke saƙar. Irin kwaɗon da ake gwaji da shi, in ya gama rikiɗa aka yanke masa ƙafa, tsinken guringuntsi kawai yake fitarwa, ba yatsu ba gaɓa. A 2021 masu binciken nan suka gwada ƙwayoyin saƙarsa da na aksolotil, suka ga na kwaɗo su ma suna fara komawa baya, amma sai su tsaya a rabin hanya, ba sa kaiwa ga halin ɗan tayi. Ɗan kwaɗo mai wutsiya kuma, wato talibambam, ya ƙara wani darasi. Yana mayar da wutsiyarsa in an yanke, sai dai akwai 'yan kwanaki a girmansa da yake kasawa. A 2019 Can Aztekin da abokan aikinsa a Kambirij suka gano wani ƙaramin gungu na ƙwayoyin fata da ke zaune a gefen wutsiya. In an yi yanka sai su taso su zauna a bakin raunin, suna fitar da saƙonnin da ke sa ƙwayoyin ƙarƙashi su hayayyafa. A kwanakin kasawa ba sa isowa wurin. In aka cire su wutsiya ba ta fitowa, in aka dasa su a wani wuri na jiki tsiro ya fito a can. Da niƙe wutsiyar aka yi irin na da, da ba wanda zai san da zamansu.

Wani gwaji na 2013, wanda ya riga wannan dabara yaɗuwa, ni har yanzu yana burge ni. James Godwin da Nadia Rosenthal sun kashe wa aksolotil ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye datti, wato makrofej, sannan suka yanke ƙafar. Dungulmi ta yi da tabo, irin namu sak. Da makrofej suka dawo aka sake yanke dungulmin, ƙafa ta fito cikakkiya. Wato dabbar da ba ta san tabo ba ma tana iya yin sa in aka canza mata yanayin kwanakin farko.

Akwai dai halittun da suke da ajiyayyar ƙwayar asali da gaske. Tsutsar ruwa da ake kira filanariya, in aka daddatsa ta kowane gutsure sai ya zama sabuwar tsutsa, kuma an nuna ƙwaya ɗaya tak tana iya ceto wadda aka kashe wa dukkan nata. Amma nisan jikinta da namu ya yi yawa, ban cika jingina fata a kanta ba.

Mu ma masu shayarwa ba a hana mu gaba ɗaya ba. Ɗan tayin mutum, har zuwa wajen mako na 24, in aka yi masa rauni a fata yana warkewa ba tabo. A 1974 wata likitar yara a Sheffield ta Ingila, Cynthia Illingworth, ta ba da rahoton cewa kan yatsan yaro da ya guntule yana dawowa in yankan bai wuce saiwar farce ba, matuƙar an wanke an ɗaure ba a ɗinke fata a kai ba. Cikin baki yana warkewa da sauri da ɗan tabo kaɗan. Jaririn ɓera yana gyara zuciyarsa in an yanke mata baki, amma kafin ya cika kwana 7 baiwar ta tafi. Akwai kuma ɓera mai ƙaya na Afirka, wanda Ashley Seifert ya yi nazari a Kenya ya bayyana a 2012, da ke cike hujin kunne da sabon guringuntsi da gashi.

Mafi kyawun gwaji a wurina shi ne na barewar ƙanƙara da ake kira rendiya, wanda ƙungiyar Jeff Biernaskie ta jami'ar Calgary a Kanada ta wallafa a 2022. Ƙahonta yana faɗuwa ya sake fitowa duk shekara, lulluɓe da wata fata mai laushin gashi. Suka yi rauni iri ɗaya a fatar ƙaho da ta gadon baya. Dabba ɗaya, jini ɗaya, DNA ɗaya. Na ƙaho ya warke da gashinsa, na baya ya yi tabo. Da aka karanta ƙwayoyin, sai ga shi ƙwayoyin saƙa na ƙaho sun yi kama da na ɗan tayin mutum, suna lallashin ƙwayoyin garkuwa su gama aiki su tafi da wuri. Na baya kuwa zuga su suke yi, suna kiran ƙari. Da aka dasa fatar ƙahon a baya, da farko ta riƙe halinta, sannu a hankali ta koyi na maƙwabta ta fara tabo. Kin ga hali ne da ake iya juyawa, kuma wurin zama yana da hannu a ciki.

To mene ne tabo kansa? A lafiyayyar fata zaren kolajin yana gicciye juna ta ko'ina. A tabo jere yake a miƙe gefe guda, cunkushe, babu saiwar gashi, babu hanyar gumi, kuma ƙarfinsa ba ya wuce kashi 80 cikin 100 na asalin fata komai daɗewarsa. A 2015 Yuval Rinkevich, a ɗakin binciken Michael Longaker da ke jami'ar Stanford, ya nuna cewa a bayan ɓera zuriya guda ce ta ƙwayoyin saƙa ke yin mafi yawan tabo, wadda ta taɓa kunna sinadarin gado mai suna En1. A 2019, bayan ya koma Jamus, ya ƙara nuna cewa a rauni mai zurfi ƙwayoyin shimfiɗar da ke ƙarƙashin fata suna tasowa sama, suna jawo saƙaƙƙen zarensu su toshe ramin. Wannan ya yi daidai da abin da kike gani a ƙuna: wadda ta tsaya a sama ta warke sumul, wadda ta nutsa ta bar tabo mai tauri da ke ɗaure gaɓa.

Sai 2021, lokacin da Shamik Mascharak da Longaker suka gano abin da ke kunna En1 a babban ɓera. Ja ne. Bakin miki yana jan juna, ƙwayoyin saƙa suna jin wannan jan ta hanyar wani furotin mai suna YAP, su kunna En1, su zama masu tabo. Suka yi allurar maganin verteporfin, wanda ke toshe YAP, a gefen raunin sau ɗaya. Mikin ya rufe, saiwoyin gashi da ƙullutun maiƙon fata suka dawo, saƙar kolajin ta koma irin ta lafiyayyar fata, ƙarfinta ma haka. A 2025 suka ba da rahoton irin wannan sakamako a aladu, waɗanda fatarsu ta fi kusa da tamu. Maganin ba sabo ba ne, tun shekarar 2000 aka amince da shi a Amurka don wata cutar ido ta tsofaffi. Amma amincewar ta ido ce, kuma yana sa jiki ya kasa jure haske, don haka ba abin da wani zai ɗauka ya tsira wa miki ba ne kafin a gama gwaji a mutane. Likitocin fiɗa dai za su ce ai mun daɗe da sani: tun 1861 Karl Langer ya zana layukan jan fata, kuma kowa ya san tabon ƙirji da kafaɗa ya fi muni. Gaskiyarsu. Abin da aka ƙara shi ne sunan ƙwayar da ke jin jan da kuma maɓallin da take dannawa.

Yanzu ga gyambonki. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta manya miliyan 537 ne ke da ciwon a 2021, kuma tsakanin kashi 19 zuwa 34 cikin 100 na masu shi za su yi gyambon ƙafa a rayuwarsu. Abin da aka koya mana shi ne gyambo miki ne da ya maƙale a matakin kumburi. A 2022 ƙungiyar Aristidis Veves a Boston ta karanta ƙwayoyi sama da 170,000 daga masu ciwon suga da marasa shi, ta kwatanta waɗanda gyambonsu ya rufe cikin mako 12 da waɗanda nasu ya ƙi. Sakamakon ya zo a bai-bai. Masu warkewa su ne suka fi yawan makrofej masu zafi, wato masu tayar da kumburi, irin waɗanda ake zargi da ɓata miki. Suna kuma da wani gungu na ƙwayoyin saƙa a gindin mikin da ke fitar da sinadaran yanka tsohon zare, irin su MMP1 da MMP3, tare da saƙonnin kumburi. A waɗanda suka ƙi warkewa gungun ya yi ƙaranci.

Aikin Ning Xu Landén a cibiyar Karolinska ta Suwidin ya zo ya ƙarfafa wannan. Sun yi wa masu lafiya da suka ba da kansu ɗan rauni, suka ɗebi samfur a kwana na 1, na 7 da na 30. Suka ga makrofej masu zafi ne ke fara tura ƙwayoyin saman fata su rarrafa, daga baya ƙwayoyin saƙa su karɓi aikin, kuma wani sinadarin gado mai suna FOSL1 ne ke jan ragamar rarrafen. A gyambo wannan rarrafen ne ya tsaya. Ke kin san shi da ido. Mikin da ke kan hanya, gindinsa jan nama ne mai ɗanshi, a bakinsa akwai siririn layi mai haske da ke matsowa ciki kowane mako. Gyambon da ya ƙi, bakinsa ya yi kauri ya yi kanta, gindinsa ya koɗe. Ƙwayoyin bakin suna ta hayayyafa suna hawa kan juna, amma ba mai takawa gaba. Fahimtata ita ce gyambo bai rasa kumburi ba, irin wanda yake da shi ne mara amfani: ya ƙi tashi da ƙarfi ya yi aikinsa, ya kuma ƙi kwanciya. Wannan ya ba da ƙarin dalilin kankare mataccen nama da kantar baki har jini ya ɗan fito, don kina mayar da tsohon gyambo sabon rauni ne, ƙwayoyin su sake farawa daga farko. Sauran ginshiƙan suna nan yadda suke: a sauke nauyi daga kan ƙafar, a duba ko jini na isa, a kashe ƙwayoyin cuta, a daidaita suga. Babu taswirar da za ta warkar da ƙafar da jini ba ya kaiwa.

Dole in faɗa miki inda dabarar ke da rauni, don masu yayata labari ba sa faɗa. Na farko, raba ƙwayoyi da juna shi kansa rauni ne. A 2017 masu bincike a Utrecht ta Holan suka nuna cewa zaman da ƙwayoyi ke yi a sinadarin narkarwa a digiri 37 yana sa su kunna saƙonnin firgita, har a ga wani gungu a taswira a ɗauka sabuwar ƙwaya ce alhali aikin hannun mai gwaji ne. Ga mai nazarin miki wannan babbar matsala ce, don saƙonnin da yake nema ke nan. Shi ya sa wasu suka koma narkarwa a sanyi, wasu kuma cibiyar ƙwaya kawai suke cirowa daga daskararren nama. Na biyu, ba kowace ƙwaya ke tsira ba: niyutrofil, wasu ƙwayoyin garkuwa da suka fi yawa a sabon miki, saurin fashewa gare su, ƙwayoyin kitse kuma sun fi ƙarfin hanyoyin faifan. Ko a wadda ta tsira, wani kaso ne kawai na saƙonninta ake kamawa. Sannan da zarar an narkar da naman an rasa sanin wa ke zaune kusa da wa, abin da dabarar karanta RNA a kan yankakken nama, wadda aka fito da ita a Stockholm a 2016, take ƙoƙarin gyarawa.

Wanda ya fi damuna shi ne ƙirga. Za ki ji an ce ƙwayoyi dubu ɗari, sai ki duba ki ga daga mutum goma aka ɗebo su. Mutum goma ne shaidar, ba dubu ɗari ba. Kuma ganin wata ƙwaya a mikin da ya warke bai nuna ita ta warkar da shi ba, sai an cire ta ko an ƙara ta an ga abin da zai faru, kamar yadda aka yi da wutsiyar talibambam. Ɓera kuma fatarsa sako-sako take, da siririyar tsoka a ƙarƙashi da ke tsuke miki, har sai an ɗinka masa zoben roba kafin rauninsa ya yi kama da namu. Tabo mai tudu da ke wuce iyakar rauni, wato kiloid, a mutum kaɗai ake ganinsa, ya kuma fi yawa a masu baƙar fata, alhali yawancin samfuran da aka fara zana taswirorin nan da su na Turawa ne. Wani bincike daga ƙasar Sin a 2021 ya nuna cewa a kiloid wani gungu na ƙwayoyin saƙa masu fitar da furotin periostin ya ƙaru sosai, amma wannan fage yana bukatar samfura daga mutanen da abin ya fi shafa.

Mun taɓa cin buri irin wannan. An lura cewa raunin ɗan tayi yana da yawan wani furotin, TGF-beta 3, sai kamfanin Renovo na Manchester ya mayar da shi allurar rage tabo mai suna Juvista. Gwaje-gwajen farko sun yi kyau. A 2011 babban gwaji na mataki na uku ya nuna bai kai ga abin da ake nema ba, maganar ta mutu. Duk lokacin da na ga hoton ɓera da gashi ya tsiro a tabonsa, wannan nake tunawa.

Hannu ko ƙafa kuwa, matsalolinsu sun wuce na fata. Bilastimar ƙaramar aksolotil 'yan milimitoci ce, saƙonnin da ke tsara yatsu a wannan ɗan taƙi suke aiki, ita ma babba watanni take ɗauka. Dungulmin hannun mutum ya ninka haka nesa ba kusa ba, kuma zai zauna a buɗe tsawon lokaci ƙwayoyin cuta na jira. Tun ƙarni na 19 aka san in an yanke jijiyar saƙo ƙafar ba ta fitowa, don haka ita ma sai an shawo kanta. Ƙwayar da aka sa ta koma ƙuruciya tana hayayyafa kuma, in ba a san yadda za a tsayar da ita ba, ciwon daji ake nema. Sannan dole ƙwayoyin su san inda suke, don a yanka a wuyan hannu tafin hannu kawai ake so ya fito, ba sabon gwiwar hannu ba. A 2025 Leo Otsuki da Tanaka, a Viyana, suka nuna cewa ƙwayoyin ɓangaren ƙaramin yatsa na aksolotil suna riƙe da sinadarin gado Hand2 a kunne ƙasa-ƙasa duk rayuwarsu. In an yi yanka sai ya ƙaru, ya tayar da saƙon da ke tsara sabuwar ƙafar. Mu ma muna da Hand2, da shi aka gina hannayenmu a ciki. Tun 2002 kuma Howard Chang ya nuna a Stanford cewa ƙwayar saƙa ta babban mutum da aka ciro daga ƙafa tana riƙe da alamar inda ta fito, daban da ta hannu ko ta ciki, ko bayan an yi ta renonta a kwanon gwaji. Ana gwada hanyar tayar da wannan baiwa ta tuna wurin zama a kan yatsan ɓera, wanda ke dawowa in an yanke a gaban saiwar farce, ya yi dungulmi in an matsa baya da milimita ɗaya ko biyu.